Koriyar Jif Mai Farar Ƙofa

Ranar kasuwar Ƙanƙara Almu ya bar Tafoki da sassafe, bai gaya wa kowa cewa mota zai saya ba. Ko matarsa Baraka, wadda dominta za a sayi motar, abin da ya ce mata kawai shi ne zai je ya ji yadda masara ke tashi, kuma kafin la'asar yana gida. A ƙasar Faskari ta yanzu ba a faɗin tafiya, ba a faɗin kuɗi. Ka yi zancen a zaurenka da safe, kafin azahar ya isa daji, kuma ba za ka taɓa sanin bakin da ya kai shi ba. Shi ya sa mutum zai kalli matarsa ya yi mata ƙarya da zuciya ɗaya, ya kuma kira abin hankali.

Baraka na ɗauke da cikin wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya daina shiga. Malamar asibitin da ke yi mata awo ta ja Almu gefe ta ce masa jininta ya hau sosai. Ranar da ta ce kanta na sarawa ko idonta na ganin duhu-duhu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo ta Funtuwa nan take, a kwance, ta gefen hagu. Wannan "a kwance" shi ya tsaya wa Almu a rai. Abin hawansa babur ne, kuma ba labari aka ba shi ba game da abin da babur ke yi wa mace mai ciki.

'Yan shekarun baya, cikin irin wannan damina, ƙanwarsa Hafiza ta zo gida haihuwa, jini ya ɓalle mata. Aka nemi motar da za ta shigo taɓon Tafoki aka rasa. Ya ɗora ta a bayansa, aka ɗaure ta da zani a jikinsa, mahaifiyarsu Inna Suwaiba ta zauna daga baya tana tallafe da ita. Hafiza na ta ce masa a kunne, "Yaya, a hankali." Can sai ta daina cewa. Ya ji ta yi wani irin nauyi a gadon bayansa, ya gane, amma ya ci gaba da murza babur har ƙofar asibiti, don bai san me zai yi in ya tsaya ba. Tun ranar nauyin bai sauka ba. In ya hau babur yakan ji shi tsakanin kafaɗunsa, wani lokaci har da ɗumin numfashi a bayan kunne, har ya waiga ya ga ba kowa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ba ya son a fara haɗa masa hayaƙin korar aljanu.

Saboda haka ya sayar da shanun huɗarsa, da masarar da ya ɓoye, da gonar bayan dutse wadda dama ba mai iya zuwa nomanta yanzu. Kuɗin ba su kai na motar nuna wa tsara ba. Sun dai kai na ƙaramar jif kwancen gida, in mutum ya buɗe ido. Tuƙi kuwa ba baƙonsa ba ne, da samartaka ya ja akori-kura yana kai hatsi kasuwanni.

Funtuwa ta fi kusa, kuma ta fi motoci, amma can idon da ya san shi ya yi yawa. Ƙanƙara kuma akwai Alhaji Gide, aminin mahaifinsa, tsohon dillalin shanu na kasuwar Sheme. Da shanun sata suka cika kara, Alhaji Gide ya wanke hannunsa ya koma dillancin motoci a wani fili bayan gidan mai, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Sana'ar ya canza, hali bai canza ba. Har yau in zai nuna mota sai ya daddaki ƙugunta kamar sa, kuma kafin ya faɗi kuɗinta sai ya faɗi aibinta a gaban shaidu, yadda ya saba yi a kara.

"Ɗan Malam Mani!" in ji Alhaji Gide da ya gan shi. "Yau kuma mi anka samu? Ko masara ta yi albarka?"

Suka gaisa, Almu ya durƙusa ya yi masa bayani a hankali. Ƙaramar jif yake so, mai tsayin ƙafa, wadda ba ta shan mai, wadda in ta yi tari bakanike na ƙauye zai iya dubawa.

"Wato ka na son doki da kuɗin jaki," in ji Alhaji Gide. "Taho mu gani."

Ta farko fara ce, 'yar Kwatano, sai ƙyalli take. Almu ya san ta fi ƙarfinsa, amma ɗan Adam ke nan, sai da ya shiga ya kama sitiyari. Sanyin na'ura ya bugi fuskarsa, kujera ta rungume shi, har ya fara hango kansa ranar suna, ya sha babbar riga, abokai na leƙen gilashi. Alhaji Gide ya bar shi ya gama mafarkinsa tukuna.

"Wagga amarya ce," ya ce. "Aibinta guda, kyau. Ka shiga Tafoki da ita yau, jibi a zo yi maka barka da bindigogi. Kuma kuɗinta, ko ka haɗa da rumbun maƙwabcinka ba su kai."

Almu ya fito yana dariyar yaƙe. Ta biyu baƙa ce, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya gaji da ita. Kuɗinta daidai da abin da ke hannunsa, in ya yarda ya koma gida ba ko sisin allura. Ya buɗe gaba ya saurari injin, ya leƙa ƙasa ya ga cikinta ya yi kusa da ƙasa, ya danna bayanta ya saki ya ga ta yi ta lilo kafin ta tsaya. Alhaji Gide ya faɗi nata aibin: mai take sha kamar an huda tanki, giyarta kuma mai canza kanta ce, in ta lalace sai Kaduna.

Almu ya zaga bayan motar. Ya buɗe ƙofar baya, ya kwantar da kujeru, ya cire takalmi da hula, ya shiga ya kwanta ta gefen hagu. Dillalai biyu da ke zaune kan benci suna cin gyaɗa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce a kawo wa baƙo matashi tunda masauki ya zo nema. Almu ya yi ƙoƙarin miƙe ƙafa, ƙofa ta tokare shi, dole ya lanƙwashe gwiwa. Baraka kuwa doguwa ce, ta ɗara shi tsawo.

Alhaji Gide shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya zo jana'izar Hafiza, ya san yadda aka yi.

"Mi kake aunawa, ɗana?"

"Tsawon mutum, Alhaji. Iyalina na kusa. An ce a kwance za a kai ta."

Tsohon ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Akwai guda. Wallahi ban so in nuna maka ita ba, amma in na ɓoye na ci amanar ubanka."

Ya ja shi can ƙarshen fili, inda ciyawa ta fara hawa tayoyin wata mota da aka lulluɓe da tamfol. Ya yaye tamfol ɗin. Koriya ce, fentin ya koɗe, ƙofar baya ta hagu fara fat, da gani daga jikin wata motar aka ciro ta. Almu ya tsaya cak. Ba ya bukatar a gabatar masa da ita.

Daga Sabuwa zuwa Faskari ba wanda bai san motar Malam Yahya na Damari ba. Tsohon malamin firamare ne, da ya yi ritaya ya sayi jif ɗin da kuɗin sallamarsa. Lokacin da kashe-kashe suka yi yawa, gawa ta riƙa kwana a gona ko a asibiti don ba mai ɗaukowa, sai ya mai da kansa mai ɗaukowa. Bai taɓa karɓar ladan kowa ba, in an matsa masa ya ce a zuba mai. Kuma yana da yadda yake yi. Ba ya aiko da saƙo, ba ya danna ham. Zai shigo gari a hankali, gilashi a rufe, ya tsaya daidai ƙofar gidan da abin ya shafa, ya kashe injin. Da yawa daga cikin matan yankin ta haka suka san sun shiga takaba. Bara Malam Yahya ya rasu a kan gadonsa, magada suka kawo motar Ƙanƙara, ta yi ta zama ba mai ko tayawa.

Ita ta dawo da Hafiza gida. Almu ya zauna a bayanta ranar, gwiwarsa na taɓa likkafanin wucin gadi da suka yi da zanin Inna. Abin da ya riƙa cin ransa a hanya shi ne yadda motar ke ratsa taɓo ba ko gardama. Da ita aka je da Hafiza maimakon a dawo da ita, ai da wani zancen ake.

"Kunna ta, Alhaji," ya ce.

Suka ɗora mata batir, bugu ɗaya ta tashi. Almu ya saurara. Injin na tafiya sumul, ba hayaƙi, ba kakari. Giyarta ta hannu ce, da ƙaramar giyar taɓo a gefe. Ya shiga ƙarƙashinta da rigarsa ya fito, bai ga ɗigon mai ba, kuma tsayinta har yaro zai iya rarrafawa ya wuce. Tayoyi sababbi ne, marigayin ya canza su dab da ciwonsa. Kayan gyaranta kuwa ko a tiren masu sayar da tsofaffin kayan mota na Funtuwa ana samu. Ya zaga gari da ita, ya taka burki, ya faɗa rami da gangan, ta haɗiye ramin ba ta ce uffan ba. Da suka dawo Alhaji Gide ya faɗi kuɗin da magada suka yanka, bai kai rabin na baƙar ba. Zai rage masa na asibiti, na jini in an bukata, na mai, har da ragon suna.

Sai abu ɗaya ya rage. Ya buɗe farar ƙofar. Malam Yahya ya riga ya kwantar da kujerun baya tun tuni, ya shimfiɗa katako mai laushi, ya rufe da ledar tsakar ɗaki. An wanke ta sarai, amma ƙamshin kafur yana nan, ya kama rufin, ya kama labulen da aka yi wa tagogi. Almu ya cire takalmi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, dillalan benci ma suka kau da kai.

Ya kwanta ta gefen hagu, ya miƙe ƙafa har ƙarshe, da sauran fili. A gefensa kuma akwai wurin zaman mutum guda mai riƙe da kai. Ya san a daidai nan Hafiza ta kwanta, da ita da wasu da bai san adadinsu ba, manoma da aka tsinto a kunyar gona, da tsofaffi, da jarirai a cikin tawul. Ya ji kamar wurin bai gama hucewa daga na ƙarshe da ya kwanta ba. Amma ga abin mamaki, nauyin nan na tsakanin kafaɗunsa, wanda ya taso da shi tun daga Tafoki, sai ya neme shi ya rasa. Ya yi ajiyar zuciya irin wadda ya daɗe bai yi ba. Shi dai ya ɗauki wannan a matsayin alama, kuma mai neman alama ba ya rasa ta.

Ya fito ya ce, "Na taya."

"Tsaya tukuna," in ji Alhaji Gide. Ya yafito dillalan nan biyu. "Ku zan shaida. Wagga mota lahiyarta lau, injin da giya da ƙahwa, ban san mata ciwo ba. Aibinta guda na. An san ta. Na hwaɗi ko ban hwaɗi ba?"

"Ka hwaɗi, Alhaji."

"To. Shawarata, ka bar ta nan wajen mai henti. Mako guda, a maishe ta toka-toka, a ɗebe labulen ga. Sannan ka zo ka ɗauka."

Mako guda! Jiya da yamma Baraka ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, da ya tambaya ta ce ba komai, hayaƙin murhu ne. Shi kuwa ya san ba-komai ɗin mata. Ya ce wa Alhaji Gide ba zai ƙara kwana ɗaya ba mota a ƙofar gidansa, fenti kuma bayan suna ya yi.

"Kowa ya sayi rariya ya san ta zubda ruwa," in ji tsohon. Aka kira babban ɗan marigayi a waya. Almu ya rage wani abu don kada a ce bai yi ciniki ba, yana jiran a ce albarka, sai ya ji an ce an sallama tun bai rufe baki ba. Da ya zo biyan la'ada Alhaji Gide ya ture hannunsa ya ce ta wannan motar ba ya ci.

Ciniki ya faɗa da azahar, amma tafiya ba ta samu ba. Tura kuɗi ta waya ya tsaya jan rai, takardu suka ci nasu lokacin. Ana cikin haka labari ya shigo kasuwa cewa an yi harbi a hanyar Sheme, an tare motoci, wasu sun ce an kashe mutum biyu, wasu sun ce biyar. Kowa ya dakata sai jami'an tsaro sun wuce. Almu ya gwada wayar Baraka ya sake gwadawa, ba ta shiga. Bai damu ba, don a Tafoki sai an hau tudun makarantar firamare ake samun sabis, mai tsohon ciki kuwa me zai kai ta tudu. Bai kawo a ransa cewa labarin harbi ba ya bukatar sabis ba.

La'asar ta yi sakaliya kafin a buɗe hanya. Ya biyo ayarin motoci, ana yayyafi, gilashi a rufe. Allah Sarki, Almu! Rabon da ya yi farin ciki irin na yammacin nan har ya manta. Yana sauraron injin yana gyaɗa kai, yana duban allurar mai da ta ƙi motsawa, yana ce wa kansa wanda ya ce araha ba ta ado bai ga wannan ba. Abin da ke damunsa guda ne, yadda zai shawo kan Baraka ta yarda ta kwanta a ciki. Ya yi ta tsara magana. Zai ce mata mota ƙarfe ce, ba ta riƙe komai. Zai ce mata ai motar lada ce, ta fi kowace mota albarka a ƙasar nan. In ta ƙi, zai sa Inna ta yi mata magana. Duk shirin da ya yi na wannan rigimar ne.

Da ya sauka daga kwalta ya kama hanyar gida, 'yan sa-kai da ke shinge suka ɗaga sandarsu tun daga nesa. Ba su tambaye shi daga ina ba, ba su leƙa ba, ɗaya ma har ya sauke bindiga ya sunkuyar da kai. Almu ya ce a ransa, oho, ashe haka masu mota ke shan girma. Gaba kaɗan wani manomi da ke fitowa daga cikin masara ya aje fartanya ya ɗaga hannuwa biyu sama. Almu ya ɗaga masa hannu shi ma. Wuni guda ya yi yana shiga ƙarƙashin motar yana fita, har ta zame masa injin da taya da burki, ya manta sauran jama'a ba su yi wunin tare da shi ba.

A bakin gari ya rage gudu saboda taɓo da awaki. Ya yi niyyar danna ham ya fasa, don ba ya son a taru a kansa, ido ya yi yawa. Gilashin ma ya bar shi a rufe, gara a ga mota kada a yi saurin sanin mai ita. Haka ya shigo Tafoki, a hankali, shiru, ba wanda ke ganin fuskarsa ta cikin ruwan da ke bin gilashi.

Dattawan da ke zaune a rumfar masallaci suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ya sauke butarsa. Wata yarinya mai tallan dafaffiyar masara ta aje tire ta ruga cikin lungu. Tun da rana garin ya ji an yi harbi a hanyar Sheme, kuma kowa ya lissafa waɗanda suka tafi kasuwa, duk sun dawo tun kafin a tare hanya sai mutum ɗaya. Salati ya fara tashi daga bayan katangu, yana tsallakawa gida gida, yana riga motar yin gaba. Almu na jin hayaniyar sama-sama, ya ɗauka wani abin ne ya faru a gari.

Ya tsaya daidai ƙofar gidansa ya kashe injin. Sai a lokacin ya dubi madubi. Mazan garin ne a bayansa, sun jeru cikin yayyafi, liman a gaba, ba mai magana, wasu sun riga sun naɗe hannun riga don ɗauka. Ya dube su, ya dubi ƙofar gidan, ya tuna wace mota ce ta taɓa tsayawa a nan, a haka. Kafin ya kama marfin ƙofa ya ji ihun Inna daga cikin gida.

Ya diro. Mutanen suka ja da baya, wani ya ce, "La ilaha illallahu, Almu na! Da ranai!" Bai tsaya ba, ya kutsa zaure a guje.

Baraka na kwance a bakin zaure ta ciki, kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, jikinta na jijjiga, haƙoranta sun datse, kumfa da jini a gefen baki. Inna Suwaiba ta danne kafaɗunta tana kuka. Da ta ɗaga kai ta ga ɗanta tsaye, sai ta yi baya kamar za ta faɗi.

"Kai! Kai na? To wa anka kawo?"

"Ba kowa, Inna. Tawa ce. Saye na yi."

"Saye?" Inna ta dube shi, irin kallon da bai taɓa gani a idonta ba. "Tun azahar take tsaye nan tana jiranka, kanta na sarawa ta ƙi zama. Tac ce in leƙa, nac ce ba ni iyawa. Ta leƙa da kanta, ta ga hwarar ƙohwag ga."

Ya durƙusa ya kama fuskar matarsa. "Baraka, ni na. Ga ni, dube ni. Ba abin da ya same ni." Idanunta a buɗe suke, amma ba shi suke kallo ba.

Waɗanda suka naɗe hannun riga don ɗaukar gawa su suka kama aka fito da ita. Aka buɗe farar ƙofa, aka kwantar da ita ta gefen hagu. Ta shige tsaf, ƙafafunta a miƙe. Inna ta shiga ta zauna a gefe, ta ɗora kan Baraka a cinya, tana kiran sunanta tana tofa mata addu'a. Almu ya tayar da mota.

Duk abin da ya biya kuɗi dominsa, motar ta ba shi. Ta ratsa taɓon bakin gari ba ta zame ba. A mashigin rafi, inda ruwa ya kawo har gwiwa, ya sa giyar taɓo ta haye tana huci. Ramukan da ke karya ƙugun babur ta bi ta kansu, bayan ko girgiza kirki bai yi ba. Jijjigar Baraka ta lafa, ta koma wani dogon numfashi mai ƙara, Inna na ta cewa, "Sannu, Baraka. Mun kusa. Sannu, ɗiyata."

A ƙauyen farko da suka ratsa, mutanen da ke alwalar magariba a bakin hanya suka miƙe. Suka aje butoci suka ɗaga hannuwa. Almu ya gane addu'ar gawa suke yi. Ya danna ham da ƙarfi don su watse, ham ya yi shiru. Ya sake dannawa da dunƙulen hannu. Malam Yahya ya cire wayar ham ɗin tun shekaru, kuma cikin duk abin da Almu ya gwada a Ƙanƙara, shi kaɗai ne bai taɓa ba.

Sai ya sauke gilashi ya fitar da kai cikin ruwa.

"Da ranta! Ku sauke hannu, da ranta!"

Suka bi shi da kallo, hannuwansu a sama, ba su gane me yake faɗi ba. A ƙauye na gaba ma haka, mata a bakin rijiyar burtsatse suka dafe ƙirji, ya yi musu ihun har muryarsa ta dushe. Ya ci gaba da yi ko inda ba kowa, yana faɗa wa masara da itatuwa. Bai san lokacin da Inna ta daina cewa sannu ba. Ya dai lura motar ta yi tsit, ba ya jin komai sai injin da ke tafiya sumul. Ya kai hannu ya karkatar da madubi sama.

Fitilun Funtuwa sun fara bayyana can nesa lokacin da wani tsoho mai keke ya sauka gefen hanya, ya jingine keken a ƙugu, ya ɗaga hannuwa.

"Da ranta, Baba!" in ji Almu, da 'yar muryar da ta rage masa. Ya wuce tsohon, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sannan a hankali, ba tare da ya waiga ba, ya ce, "Inna. Ko ba haka ba?"

Inna ta gyara kan Baraka a cinyarta.

"Tuƙa," ta ce. "Kai dai tuƙa."